Daga Dutse zuwa Rano a kan keke

Duk wanda zai zaga garuruwan duwatsu na kudancin tsohuwar ƙasar Kano a kan keke, daga gabas ya kamata ya faro. Dalili kuwa iska ce. Tun daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wanda ya tashi daga Rano ya nufi Dutse da ita zai wuni suna artabu, ƙura a ido, leɓe a tsage, ko a gangara sai ya tuƙa. In kuwa ya ɗaure kekensa a saman mota aka sauke shi a Dutse, sannan ya juyo yamma, to iskar nan ita za ta riƙa tura shi har gida. Kuɗin motar keke bai kai wahalar da za a sha ba, ko da direba ya ce sai an biya masa kuɗin mutum guda.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Kibiya, kekena kuma Phoenix ne baƙi, irin mai birkin ƙarfe da kariya a baya, wanda ake kai buhun taki gona da shi. Abokin tafiyata ɗan yayana ne, saurayi mai ji da ƙarfi, nasa keken ɗan gwanjo ne mai giya. Ba mu da riga mai matse jiki, ba mu da hular kwano. Abin da ke kan kariyata shi ne tabarmar roba, bargo, buta, jarkar ruwa, da ƙullin kayan faci.

Abu na farko da mutum zai saba da shi a wannan tafiya shi ne tambaya. A wurinmu keke abin aike ne: gona, kasuwa, makaranta, ɗibar ruwa. Mutum mai furfura ya hau keke ya bar garinsu ba biki ba ta'aziyya, dole a tambaye shi. A rumfar wani mai shayi a Dutse wani dattijo ya dubi kayanmu ya ce, "Malam, cigiya kuke yi ne?" Na ce a'a Baba, gari muke gani. Ya yi shiru, can ya ce, "To Allah ya sauwaƙe." Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane da yawa sun jingine babur sun kakkaɓe tsofaffin kekuna, don haka yanzu ba a yi wa mai keke kallon wanda ya rasa, amma mai keken da ba shi da inda za shi har yanzu abin mamaki ne.

Dutse gari biyu ne a haɗe. Akwai wanda ya tashi bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991 aka mai da shi babban birni, mai faffaɗan tituna da sakatariya da jami'ar tarayya, duk a shimfiɗe. Wannan keke ba ya koya maka komai a kansa, mota ma ta isa. Sai kuma Garu, tsohon gari, inda fadar sarki take a tsakiyar duwatsu. Nan ne ƙafa take fara aiki. Hawan ba mai tsawo ba ne, amma Phoenix mai kaya ba ya son sa, sai na sauka na tura, yaron nan kuwa ya sauya giya ya wuce yana waiwayena. Turawar ce ta ba ni damar duba yadda gidaje suka lafe a jikin dutse, da yadda hanya take ƙuntata a tsakanin manyan duwatsu biyu ta yadda mahaya ba za su shigo a jere ba. Tarihin Kano ya kawo labarin Ada na Dutse, wanda ya gagara har sai da Sarkin Kano Kumbari, da ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya fito da kansa ya yaƙe shi. Na sha karanta wannan a takarda, amma sai da na tura keke a Garu ina haki na gane abin da ya ba mutum ɗaya ƙarfin zuciyar yi wa Kano tsaurin ido. Wanda ke sama yana hutawa, wanda ke hawowa ya riga ya gaji kafin a fara.

Kada a bar Dutse ba a sayi dabino ba. Garin ya yi suna da shi, har cibiyar binciken dabino gwamnatin tarayya ta kafa a can. Ga mai keke babu guzurin da ya fi shi: ba ya lalacewa, ba ya nauyi, 'yan ƙwayoyi da ruwa sun mayar da ƙarfi. In an dace da Litinin kuma ga kasuwar Shuwarin nan kusa, sai dai ranar hanya ta cika da motocin kaya, a yi hattara.

Daga Dutse zuwa Birnin Kudu kwalta ta bi ta Kwanar Huguma. Shawarata a rage bin kwalta gwargwadon iko. Direban tirela ba ya lissafa mai keke cikin masu hakki a titi, in ya danna oda sau ɗaya ya gama nasa, sauran kai da Allah. Hanyoyin burji da na ƙafa da suka ratsa ƙauyuka sun fi tsawo, sun fi jijjiga, amma a kansu ne ake ganin ƙasa. Lokacin kaka ya wuce, an yanke dawa da gero, gonaki sun buɗe, ana hango dutse tun daga nesa yana matsowa sannu a hankali. Fulani sun sauko da shanu suna cin kara, ga 'yan mata ɗauke da ƙwaryar nono, ga amalanke cike da harawa. Kowa sai an gaisa. A mota wa zai ce maka sannu da hanya?

Sai dai hanyar ƙauye tana da harajinta. Na farko rairayi. Inda duk hanya ta gangara rafi ko ta haɗu da burtali, taya za ta nutse, kan keke ya riƙa kaɗawa. Kada a yi gardama da shi, a sauka a tura. Na biyu ƙaya. Tsaidau ita ce babbar abokiyar gaba, tana kwance a gefen hanya ba a ganinta, ga ta aduwa da ta farar ƙaya inda aka yi shinge. Dabarar da masu kai kaya kasuwa suke yi ita ce su yanka tsohon tub su shimfiɗa shi a cikin taya kafin a sa sabo, yana ƙara nauyi kaɗan amma yana rage faci sosai. Duk da haka a riƙe gam da famfo da guntun roba. Kusan kowane gari mai kasuwa akwai mai faci a gindin bishiya, kuma a nan Phoenix ya fi keken yaron nan gata: tayarsa, sarƙarsa, boris ɗinsa, duk mai gyara yana da su a akwati. Ranar da wayar giyarsa ta tsinke sai da mai gyara ya jujjuya keken ya ce, "Ɗan samari, wannan sai Kano." Ƙarshenta ɗaure sarƙar aka yi a giya ɗaya, ya dawo daidai da ni har muka samu mai waya a gaba.

Birnin Kudu ita ce inda nake so kowa ya ba wa lokaci, kada a yi mata tsayuwar shan ruwa. Mutane sun fi sanin garin da babban asibitin tarayya da kuma kwalejin gwamnati da Aliko Dangote ya yi karatu a cikinta. Amma a cikin duwatsun da ke kewaye da garin akwai abin da ya girmi duk wannan nesa ba kusa ba. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ƙarƙashin rumfar dutse, akwai zanen shanu wanda mutanen zamanin dā suka yi a jikin dutse, da ja da fari da baƙi. Masana sun fara rubutu a kansu a shekarun 1950, yanzu kuma hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce ke da alhakin wurin, don haka ta hannun ma'aikatanta ake shiga, ba a faɗawa kai tsaye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawancin shanun da aka zana ba su da tozo. Duk saniyar da muka wuce a hanya tun daga Dutse, fara ce ko ja, da tozonta. Ke nan waɗanda suka yi zanen wasu irin shanu suke kiwo, irin da yanzu babu su a wannan yanki namu. Yaron nan ya ce, "Kawu, ko dai mai zanen ne bai iya ba?" Na ce ya dubi ƙahon, ya dubi yadda aka fitar da ƙafafu. Wanda ya iya wannan ba zai manta da tozo ba in da akwai shi.

Kusa da zanen akwai duwatsun kiɗa. Dutse ne kamar kowane dutse a ido, sai dai in an ƙwanƙwasa shi da ƙaramin dutse yana ba da amo irin na ƙarfe, kuma wuraren da aka daɗe ana bugawa sun lotsa sun yi sumul. Hannu nawa ne suka bugi wuri ɗaya kafin dutse ya lotsa? Na sha kai 'yan aji shida yawon buɗe ido Gidan Makama a Kano, kuma yana da kyau, amma a ganina yaron da ya buga dutsen nan da hannunsa ya ji ya amsa ya fi wanda ya leƙa gilashi samun abin tunawa. Abin takaici kawai shi ne masu rubuta sunayensu da gawayi da fenti a jikin duwatsu, da masu fasa dutse don gini da suke ta matsowa ko'ina a ƙasar nan.

Daga Birnin Kudu sai a juyo arewa maso yamma, a koma cikin jihar Kano ta ƙasar Takai. Wannan yanki ba shi da hawa mai wahala, tudu ne da kwari a jere, ka hau kaɗan ka gangara kaɗan, in iska na bayanka har waƙa sai ka yi. A nan ne kuma na fara lura da yawan garuruwan da ke da ragowar ganuwa. Wani wuri tudun ƙasa ne kawai ya yi baka a bayan gari, an noma gyaɗa a kansa, wani wuri kuma sunan ƙofa ne ya rage babu ƙofar. Mai mota ba zai gan su ba, don kwalta ba ta bi ta nan ba. Dalilinsu kuwa Ningi ne. A tsakiyar shekarun 1840 Malam Hamza ya bar Tsakuwa da jama'arsa saboda rigimar haraji, ya shige duwatsun Ningi, waɗanda suka gaje shi kuma, irin su Ɗan Maje da Ɗan Yaya, suka shafe shekaru suna kawo hari kudancin Kano, suna kwasar mutane da dukiya. Duk wannan layin da muke bi, daga Birnin Kudu zuwa Takai zuwa Sumaila zuwa Rano, bakin daga ne a wancan zamani. Manomi ba ya nisa da ganuwa ko dutse fiye da inda zai iya rugawa in an yi kururuwa. Shi ya sa garuruwan suka zauna inda suka zauna, shi ya sa kuma tazararsu ta yi daidai da mai keke: kafin ruwan jarka ya ƙare an iso wani gari.

Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya mai da Takai sansaninsa na fuskantar Ningawa, ya yi gida a can. Wannan gida ne ya sa da aka naɗa Tukur sarautar Kano a 1893 bayan rasuwar Sarki Bello, Yusufu ɗan Abdullahi da 'yan uwansa suka fice daga birni suka nufi Takai, inda suke da mutane. Daga nan Basasa ta tashi. Yusufu bai ga ƙarshenta ba, a Garko ya rasu a 1894, ƙanensa Alu ya karɓi jagoranci ya shiga Kano, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Tsakanin Takai da Garko tafiyar safiya ce a keke ga wanda bai tsaya surutu ba. Ina tuƙawa ina lissafin cewa rundunar da ta kifar da sarautar Kano a wannan ɗan tsakanin ta haɗu, a cikin garuruwan da yau ɗan birni yake kira ƙauye yana taɓe baki. Ni dai ina ganin da ana koyar da Basasa a kan hanyar nan, da ɗalibai sun daina rikita sunayen.

Maganar kwana. Akwai masauki na kuɗi a Dutse da Birnin Kudu, amma a tsakani sai gidan mutane, kuma a nan ne tsari yake da muhimmanci. Zamani ya canja, satar mutane da satar shanu sun sa kowane gari yana da 'yan sintiri, baƙo biyu da ƙulli a kan keke kuwa ba abin da za a ƙyale ba ne. Kada a shiga gari bayan magariba. A iso da la'asar, a yi salla a masallacin gari inda kowa zai ga fuskarka, sannan a nemi a kai ka wurin mai unguwa ko dagaci. A cire takalmi, a durƙusa, a faɗi suna da gari da sana'a, a miƙa katin shaida tun kafin a tambaya. A wani gari na ƙasar Sumaila da na gama bayani dagacin ya ce, "Malam, yanzu duk motocin nan ba su ishe ku ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, mota ba ta tsayawa a garinku, mu kuwa garinku muka zo gani." Ya yi dariya ya sa aka share mana zaure, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, da safe kuma ga koko da ƙosai tun ba mu naɗe tabarma ba. Ba a biyan wannan da kuɗi, cin fuska ne. Dabinon Dutse da goro su ne abin da ake ajiyewa a gaban mai gida. Kuma kada a ɗaga waya ana ɗaukar hoton gidan mutane ko matansu a bakin rijiya ba a nemi izini ba, wannan kaɗai ya isa ya ɓata wa na bayanka hanya.

Lokacin tuƙi kuwa daga an idar da asuba ne zuwa hantsi ya ɗaga. Sanyin safiyar hunturu yana cin yatsu, safar hannu ko ta 'yan acaba ce tana da amfani. Da rana ta take a nemi inuwar tsamiya ko ɗorawa, a sha fura, a kwanta. Wanda ya ce zai tuƙa tsakanin azahar da la'asar don ya nuna shi namiji ne, shi ya sani. A bazara kuwa, watan Maris zuwa Mayu, ban ba kowa shawarar wannan tafiya ba sam. Damina tana da kyan gani, duwatsu sun yi kore, amma rafuka suna cika, burji ya zama taɓo mai kama madigadi har taya ta ƙi juyawa.

Daga Garko zuwa Kibiya zuwa Rano ƙasata ce, ba zan yi ta yabonta ba kada a ce son kai. Abin da zan faɗa shi ne a nan duwatsu suke dawowa da ƙarfi, hawa ya fi tsawo, gangara ta fi daɗi kuma ta fi haɗari. Birkin ƙarfe na Phoenix in robarsa ta cinye ba ya riƙe keke mai kaya, ga awaki da ba su san oda ba, ga yara da ke fitowa daga lungu a guje. A duba roba tun a Garko. A nan kuma dole in ba yaron nan gaskiyarsa: a hawa mai tsawo giya ta fi. Yana zaune yana juya feda a hankali, ni ina tsaye a kan tawa ina zuba nauyina duka, gwiwa tana ƙara. Ga mai shekaruna da zai sayi keke don irin wannan tafiya kaɗai, mai giya zan ce ya saya, amma ya sayi wayar giya da ta birki na ajiya ya sa a aljihu, ya kuma koyi ɗaura su da kansa.

Rano tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini, sarkinta kuma Autan Bawo ake yi masa kirari. Garin yana kwance a gindin duwatsunsa, in ka jingine keke ka hau sama da ƙafa za ka ga abin da ka gani a Garu: wuri ne da aka zaɓa don a hango mai zuwa tun bai iso ba. Karofin rini yawanci sun mutu, shuni na kanti ya kashe su, amma sunan ya zauna.

Wanda ƙafarsa ba ta gaji ba ya ƙara gaba zuwa Tiga. Madatsar da gwamnatin Audu Bako ta gina a kan Kogin Kano, aka gama a 1974, ita ce ke ba Kadawa da Kura da Bunkure ruwan noman rani. Bayan an daɗe ana tafiya cikin kara da ƙura, sai ga shi ka faɗo cikin koren alkama da tumatir da albasa a tsakiyar rani, hanyar gefen magudanar ruwa kuma a miƙe take ba hawa ba gangara, ta fi kowace daɗin tuƙi a duk tafiyar. Akwai soyayyen kifi a bakin ruwa, a ci da zafinsa.

Yanzu yaron nan ya matsa sai mun je Riruwai, can ƙarshen kudu a ƙasar Doguwa, inda aka yi haƙar kuza kuma duwatsun suka fi duk waɗannan tsawo. Na yarda, amma da sharaɗi biyu. Dajin Falgore ba za mu ratsa shi a keke ba, a mota za mu wuce da rana tsaka tare da jama'a, bayan mun tambayi direbobin Tudun Wada halin da hanya take ciki a satin. Na biyu kuma, shi zai ɗauki jarkar ruwa a wannan karon, tunda shi ne mai giya.